Wane ruwan sanyaya ya dace da yankan titaniyam da karafan jirgin sama?

Tambayar ta fito ne daga wani matashi mai kula da ɗakin injuna a wata makarantar fasaha a Birnin Kebbi. Ɗalibansa sun samo sandar titaniyam mai kaurin milimita 50, irin wadda ake kira Ti-6Al-4V, da wani guntun Inconel 718, ƙarfen nikel mai jure zafi da ake sa wa a injin jirgi, za su yi aikin kammala karatu a kansu. Ya ɗora sandar a injin CNC, wato injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, ya yanke ta yadda ya saba yankan baƙin ƙarfe, da farin ruwan sanyayar nan na mai da suke haɗawa da ruwan burtsatse. Kafin ya kai ƙarshen sandar bakin haƙorin yankan ya ƙone, har ya ga farin tartsatsi yana tashi. Sai ya ce: "Shin ruwan ne ba shi da kyau? Wanne zan sa a sayo mana daga Kano ko Legas?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka rubuta takardar neman kuɗin sayen sabon ruwa, duba gudun da ka ba injin. Ina kyautata zaton ka bar shi a juyi dubu da wani abu a minti, wanda shi ne daidai ga baƙin ƙarfe mai wannan kauri. Titaniyam ba ya ɗaukar haka. Da haƙorin kabaid, wani abu mai tsananin tauri da ake yin bakin yanka da shi, ana yankan Ti-6Al-4V ne a tsakanin mita 40 zuwa 60 a minti, kuma ga wanda famfonsa ba shi da ƙarfi gara ya tsaya a ƙasa-ƙasa. Ka ɗauki mita 45: a sanda mai milimita 50, lissafin zai ba ka juyi 286 a minti. Idan ka ninka wannan sau huɗu, babu ruwan da aka taɓa haɗawa a duniya da zai ceci haƙorin nan. To amma tambayarka tana nan daram, domin ko ka gyara gudu, ruwan da ya ishi baƙin ƙarfe ba lallai ya ishi titaniyam ba.

Matsalar titaniyam ita ce ba ya barin zafi ya ratsa shi. A ma'aunin da ake auna yadda ƙarfe ke wuce da zafi, baƙin ƙarfe yana kusa da 50, alminiyam ya haura 100 nesa ba kusa ba, shi kuwa Ti-6Al-4V kusan 7 ne. Inconel 718 yana wajen 11. Idan kana yankan baƙin ƙarfe, mafi yawan zafin yana bin sassaƙen ya fita, shi ya sa kake ganin sassaƙen ya koma shuɗi alhali haƙorin lafiya lau. A titaniyam zafin ba shi da wurin zuwa. Sandar ba ta sha, sassaƙen siriri ne ba ya ɗaukar da yawa, kuma wurin da yake gogar haƙori ɗan ƙanƙani ne a can bakin kaifin. Nan zafin yake taruwa, yana iya kusantar digiri 1,000. Da zarar ya haura digiri 500 ko kusa da haka, titaniyam yana fara manne wa haƙorin, ya like, ya ɓalle, ya tafi da ɗan guntun kabaid, ya sake likewa. Ƙari a kan haka yana da tsalle: taurinsa wajen lanƙwasa kusan rabin na baƙin ƙarfe ne, sai ya kauce wa haƙori lokacin yanka, ya dawo ya goge shi ta ƙasa. Gugar nan ma zafi ce.

Saboda haka aikin farko da kake nema daga ruwan shi ne kwashe zafi, santsi ya biyo baya. Wannan shi ya raba gardama tsakanin zallan mai da ruwan haɗi, wato ruwan da aka haɗa da man yanka. Ruwa yana ɗaukar zafi kusan ninki biyu na abin da mai ke ɗauka, kuma yana wuce da shi da sauri fiye da mai. Don haka a yanka na yau da kullum, a injin juyi ko na milin (wanda haƙorin ne ke juyawa, ba ƙarfen ba), ruwan haɗi ake so. Zallan mai yana da wurinsa, a inda gudu ya yi ƙasa sosai kuma guga ta yi yawa, kamar yanka tiredi, wato zaren da noti ke bi, a cikin rami ko huda rami mai zurfi siriri.

Ruwan haɗin da ke kasuwa iri uku ne. Akwai mai yawan mai, wanda idan an haɗa shi yake zama fari fat, shi ne wanda kuke da shi. Akwai wanda babu mai a cikinsa sam, garau yake, yana sanyaya da kyau amma santsinsa kaɗan ne, ya fi dacewa da aikin gurza da dutsen wasawa. Sai na tsakiya, mai ɗan mai kaɗan, wanda idan an haɗa shi ana iya hango ƙasan kofi ta cikinsa. Ni da zan zaɓar maka, na tsakiyar nan zan ɗauka, ko kuma farin da aka yi da man tsirrai da aka sarrafa, wanda a takardarsa aka rubuta ƙarara cewa an yi shi don titaniyam da karafan nikel. Kamfanoni irin su Blaser, Castrol, Fuchs da Quaker Houghton duk suna da irinsa. Ba zan ce maka wane ya fi wane ba, domin a tsakanin manyan nan bambancin bai kai abin da ruwan rijiyarka zai iya ɓatawa ba. Wanda dillalinsa zai ba ka takardar bayanin sinadaran da ke ciki da takardar kariyar lafiya, shi za ka saya. Wanda aka juye a jarka marar suna aka ce maka "ai duk ɗaya ne", bar shi ga masu yankan rodi.

A takardar nan abu na farko da za ka nema shi ne kilorin. Yawancin mayukan yanka masu ƙarfi ana zuba musu wani sinadari mai kilorin don ya hana haƙori mannewa, kuma gaskiya yana aiki, har a kan titaniyam. Illarsa ba a wurin yankan take ba. Idan ragowarsa ta zauna a jikin ƙarfen, daga baya aka gasa shi, ko aka yi masa walda, ko ya shiga aiki a wuri mai zafin da ya haura digiri 250 zuwa 300 yana ɗauke da nauyi, gishirin kilorin yana buɗe tsaga siririya da ido ba ya gani, ta yi ta ci har ƙarfen ya karye ba gargaɗi. Amurkawa sun ɗanɗana wannan a shekarun 1960, lokacin da kamfanin Lockheed ke ƙera jiragen leƙen asirin nan da suka kai ga SR-71, waɗanda mafi yawan jikinsu titaniyam ne. Sun lura cewa sassan da aka yi wa walda a lokacin zafi suna saurin lalacewa, na lokacin sanyi kuwa suna daɗewa. Da aka bi diddigi sai aka gano hukumar ruwan garin Burbank, inda masana'antar take, tana ƙara kilorin a ruwan famfo idan zafi ya shigo, kuma da ruwan nan ake wanke sassan. Suka koma wanki da tataccen ruwa. A aikin nan dai suka gano cewa sifanun da aka shafe da kadmiyam suna barin ɗan gurbi a kan ƙusoshin titaniyam, idan suka yi zafi kawunansu su ɓalle, sai da aka bi akwatunan kayan aiki aka tsince su.

Akwai masu cewa idan za a wanke ƙarfen sosai bayan yanka, mai mai kilorin ba laifi, kuma wasu masu narka titaniyam ɗin ma sun yarda da hakan a aikin huda da tiredi. Maganarsu tana da tushe. Sai dai wanki "sosai" a masana'antar da ke da tankunan wanki da mai duba aiki daban yake da wankin ɗalibi da tsumma. Ramin da aka yi wa tiredi bai huda waje ba, wa zai tabbatar maka ƙasansa ya fita? Tunda akwai ruwan da ba shi da kilorin kuma yana aiki, ban ga dalilin ɗaukar wannan kasada ba.

Ga Inconel kuma abin tsoron farar wuta ce. Fiye da rabin Inconel 718 nikel ne, kuma nikel da farar wuta idan suka haɗu a zafi suna yin wani haɗi da ke narkewa tun a wajen digiri 640, ya bi tsakanin ƙwayoyin ƙarfen ya raunana shi. Ƙarfen da aka yi shi don ya zauna a cikin injin jirgi a kusan wannan zafin, ka ga ba a wasa da ragowar farar wuta a jikinsa. Ana amfani da mai mai farar wuta a kansa a wasu ayyukan, amma da sharaɗin a wanke tas kafin wuta ta taɓa shi. Wajen yanka, Inconel ya fi titaniyam taurin kai. Gudunsa da kabaid mita 20 zuwa 40 ne a minti, kuma duk inda haƙori ya goga bai yanka ba, wurin yana ƙara tauri, zagaye na gaba ya tarar da fata mai cin haƙori. Za ka ga wani ɗan gibi yana fitowa a haƙorin daidai inda zurfin yankan ya tsaya. Ka riƙa sauya zurfin daga zagaye zuwa zagaye don kada gibin ya zauna wuri guda, kuma ka ƙara kaurin ruwan.

Alminiyam na jirgi, irin 7075 da 2024, ba ya wahalar da haƙori, shi tabo ne damuwarsa: ruwan da ya cika kaifin alkali yana baƙanta shi. Gwajin mai sauƙi ne. Goge ɗan guntu ya yi haske, tsoma rabinsa a kofin ruwan da ka haɗa, ka bar shi ya kwana. Idan da safe rabin da ke ciki ya dushe ko layi ya fito a iyakar ruwan, wannan ruwan ba na alminiyam ba ne. Magniziyam kuwa kada ka kusance shi da ruwan haɗi na gama-gari, yana fitar da iskar haidurojin, kuma sassaƙensa yana kama wuta.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya. Idan ka haɗa ruwanka a kashi 10 cikin 100, wanda shi ne daidai ga titaniyam (a tsakanin 8 da 12 ake zama, ba 4 ko 5 na baƙin ƙarfe ba), to tankin lita 200 yana ɗauke da lita 20 na abin da ka sayo da tsada, da lita 180 na ruwan burtsatsenku. Wato kashi tara cikin goma na abin da ke zuba a kan titaniyam ɗin nan daga ƙarƙashin ƙasar Birnin Kebbi ya fito, kuma babu wanda ya auna shi. Ka sayo ruwan da aka rubuta "babu kilorin" a jikin duronsa, ka zuba masa ruwa mai gishiri, ka ga an koma gidan jiya.

Ruwan ƙasa a yankinmu ba iri ɗaya ba ne. Wata rijiyar ruwanta garɗi gare shi, wata mai nauyi ce, sabulu ba ya kumfa a ciki, domin akwai farar ƙasa a shimfiɗe a ƙarƙashin wannan yanki, ita ce ma ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti. Wata kuma za ka ga jan tsatsa a bakin famfonta. Wanda ya san cewa gishirin Foga daga hayin Kamba yake fitowa ba zai yi mamakin jin ɗanɗanon gishiri a wasu rijiyoyin ba. Ruwa mai nauyi yana kama sinadaran da ke riƙe mai a cikin ruwa, sai ka ga wani dusar-dusar sabulu yana taruwa a matata da jikin injin, daga baya man ya rabu ya hau sama. Abin da masu yin ruwan suka fi so shi ne nauyi matsakaici, kamar 80 zuwa 200 a ma'aunin ppm, wato kashi cikin miliyan, da gishirin kilorin ƙasa sosai. Ka ɗebi ruwan burtsatsen a gora mai tsabta ka kai sashen kimiyyar makarantarku, su auna maka nauyinsa da yawan gishirinsa. Aikin rabin yini ne, kuma ga ɗalibanka shi kansa babi ne a rahotonsu.

Ko da sakamakon ya fito da kyau, zafinmu yana da nasa aikin. A watan Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40 a inuwa, ko da hunturu da iska ta bushe ƙayau, ruwa yana tashi daga tanki da sauri. Ruwan ne kaɗai ke tashi, gishirin yana nan. A ce tankinka yana rasa kashi ɗaya cikin goma a yini, kana cikawa da ruwan rijiya: cikin kwana goma ka zuba gishirin tanki guda a kan na farko, cikin wata guda ya ninka kusan sau huɗu. Shi ya sa dabarar ita ce a yi cikon farko da ruwa mai kyau matsakaici, amma duk wani ƙari na yau da kullum a yi shi da tataccen ruwa. A ina za ka samu? Masu gidan fiya wata da ke da injin tacewa na RO za su iya sayar maka da jarkoki kai tsaye daga injin. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ba shi da gishiri, haka ruwan sama da aka tara bayan rufin ya wanku, amma duka biyun a tace su domin suna ɗauke da ƙura da ƙwayoyin cuta. Kada dai ka cika tankin gaba ɗaya da tataccen ruwa zalla tun farko, sai kumfa ta hana ka aiki. Kuma ƙarin ba ruwa tsura ake zubawa ba, ana sa masa kashi 2 ko 3 na man, domin wani ɓangaren man yana bin sassaƙe ya fita.

Wajen haɗawa, ruwa ake fara zubawa a bokiti, sannan a tsiyaya man a hankali ana juyawa. Idan aka juya tsarin, aka zuba ruwa a kan mai, sai ya dunƙule ya ƙi haɗuwa. Kaurin kuma ba da ido ake gane shi ba. Na sha ganin mai aiki ya tsoma yatsa ya murza ya ce "ya yi", alhali ruwan da ke kashi 3 da wanda ke kashi 10 duk fari ne. Ka sa a sayo rifraktomita, ɗan abu ne mai kama da guntun tocila. Ka ɗiga ruwan a gilashinsa, ka rufe, ka ɗaga wajen haske ka leƙa, za ka ga layi tsakanin shuɗi da fari a kan lamba. Lambar nan za ka ninka da adadin da kamfanin ya rubuta a takardarsa: idan ka karanta 6, takardar ta ce 1.5, kaurinka kashi 9 ne. Ranar da layin ya daina fitowa sarai ya zama dishi-dishi, man injin ya gauraya da ruwan da yawa.

Sai batun yadda ruwan ke isa wurin yankan, wanda a titaniyam ya fi sunan kamfanin muhimmanci. Ka taɓa lura idan aka yayyafa ruwa a tandar waina da ta yi zafi sosai, ɗigon ba ya jiƙa ta, sai ya dunƙule yana rawa a kan tururinsa? Haka ke faruwa a bakin haƙori. Ruwan da ke kwarara a hankali daga sama yana zama tururi kafin ya taɓa wurin, tururin ya tokare sauran. Ga ido injin ya jiƙe sharkaf, amma kaifin a bushe yake. Masana'antun jirgi suna magance wannan da famfo mai matsin bar 70, wato kusan ninki 70 na matsin iskar da muke shaƙa, wani lokacin fiye, ruwan ya bi ta cikin mariƙin haƙorin ya fito ta ɗan rami daidai tsakanin sassaƙe da kaifi. Yana fasa tururin, yana ɗaga sassaƙen, yana kakkarya shi. Irin wannan famfo yana buƙatar matata mai kyau, mai ramukan da ba su wuce wajen maikiron 20 ba (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), da injin da yake a rufe ruf, da ruwan da ba ya kumfa.

Na san da wuya injinku yana da wannan. Ba shi ke nan ba. Ka ƙara yawan ruwan iya ƙarfin famfon, ka raba bututun biyu: ɗaya ya harba ta saman haƙori, ƙarƙashin sassaƙen da ke tashi, ɗaya ya zo ta ƙasa inda haƙorin ke gogar sandar. Ka matso da bakinsu kusa, ka ɗaure su don kada sassaƙe ya ture su, domin sassaƙen titaniyam dogo ne yana naɗewa. Ruwa ya fara zuba kafin haƙori ya taɓa ƙarfe, kada ya yanke sai an fita. Ruwan da ke zuwa yana ɗaukewa ya fi rashinsa illa ga kabaid, saboda zafi da sanyi a jere suna tsattsaga shi. Kada ka bar haƙori ya tsaya yana guga a wuri ɗaya, kuma kada tsoro ya sa ka rage ci har ya koma shafa. Ka sa sabon haƙori mai kaifi, ka cire shi tun cin gefensa bai wuce milimita 0.3 ba, domin a titaniyam daga nan zuwa ƙonewa ba nisa. Idan wutar NEPA ce, kada ka fara zagayen ƙarshe da ita, a tayar da janareta, kuma a tabbatar famfo da injin layi ɗaya suke.

Za ka ji ana maganar yanka da ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ko feshin ɗan mai kaɗan a cikin iska. Na farkon yana aiki amma ba kayan makaranta ba ne. Na biyun yana da kyau a alminiyam, a titaniyam kuwa ba ya kwashe zafin da ake bukata.

Rashin wuta yana da wata illar a tanki. Idan ruwan ya kwanta kwana biyu ko uku ba motsi, man da ke tsiyaya daga jikin injin ya rufe samansa, iska ta daina shiga, ƙwayoyin bakteriya su samu wurin zama. A zafinmu ba sa ɓata lokaci. Ranar Litinin ka kunna famfo warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika ɗakin. Idan an tafi dogon hutu kuwa sai dai a zubar. Maganinsa a kwashe man da ke sama, a kunna famfo ya zagaya ko na rabin awa ne kullum, ko a sa ɗan injin hura iska irin na masu kiwon kifi. Ka riƙa tsoma takardar pH, mai auna tsami ko kaifin alkali na ruwa, sau ɗaya a mako: tsakanin 8.5 da 9.5 lafiya, idan ta fara gangarowa ƙasa da 8.5 ruwan ya fara lalacewa, tsatsa za ta biyo. Abin da nake roƙonka shi ne kada wani ya ce zai kashe warin da bilic. Bilic kilorin ne tsagwaronsa, kofi ɗaya ya rushe duk abin da muka faɗa a sama. Dettol da makamantansa ma ba na tanki ba ne. A hana wanke hannu a ciki, a hana tofa goro da jefa ledar ruwa. A rufe tankin da hunturu, domin ƙurar nan yashi ce, idan ta bi ruwa ta isa bakin haƙori sai ta ci shi. Ɗalibai kuma su daina tsoma hannu tsirara, ruwan yana busar da fata ya kawo ƙaiƙayi, feshinsa kuma idan ya ruɓe yana taɓa huhu, don haka a bar tagogi a buɗe.

Kayan gargajiyar gareji fa? Tsohon baƙin mai ka manta da shi: ba ya sanyaya, yana hayaƙi, cike yake da ƙurar ƙarfe da dattin da ke cutar da fata. Ruwan Omo ba shi da santsin da zai jure wannan zafi, ga gishiri, ga tsatsa a jikin injin. Kananzir da ake ɗiga wa alminiyam, a kan titaniyam neman gobara ne. Wanda zan ɗan ɗaga wa ƙafa shi ne man gyaɗa. Idan tiredi ɗaya za ka yanka da hannu a guntun gwaji, santsinsa yana da kyau ƙwarai, kuma ba shi da kilorin. Sai dai a wanke nan take, domin yana daskarewa ya yi danƙo.

Wankin bayan yanka a yi shi da ruwan sabulun alkali marar kilorin, a ɗauraye da tataccen ruwa, a goge da asiton ko isofurofil. A guji sifirit mai metanol, domin metanol yana tsaga titaniyam da ke ƙarƙashin nauyi. A 1966 tankin titaniyam na Apollo, shirin Amurka na zuwa duniyar wata, ya fashe a wurin gwaji saboda shi. Kafin walda ko gashi a sa safar hannu mai tsabta, gumin yatsa ma gishiri ne.

Duk wannan don aikin ɗalibai ne da gwaji. Abin da zai hau jirgi na gaske ba mai injin ke zaɓar masa ruwa ba. Kamfanin jirgin ne ke da jerin ruwan da ya amince da su, kamar ƙa'idar BAC 5008 ta Boeing, kuma akwai gwaje-gwaje irin ASTM F945 da ake yi don a ga ko sinadari yana tsaga titaniyam. A nan gida ma hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama ba ta yarda a ɗaura wa jirgi abin da ba shi da takardun asali ba. Amfanin wannan gare ka shi ne, idan ka ga an rubuta amincewar Boeing ko Airbus ko Rolls-Royce a takardar ruwan, ka san an riga an yi maka binciken kilorin da farar wuta. Ba banza suke tsanantawa ba: kusan kashi 15 cikin 100 na nauyin Boeing 787 titaniyam ne.

Farin tartsatsin da ka gani kuma kada ka ɗauke shi wasa. Sandar titaniyam ba ta kama wuta, amma siririn sassaƙensa da ƙurarsa suna kamawa, su ci da wani farin haske mai kashe ido. Idan ta kama, ruwa yana ƙara mata ƙarfi har ya iya fashewa, kuma jar tukunyar kashe gobara ta yau da kullum, ko mai iskar CO2, ba ta kashe ta. Ana bukatar hodar da aka yi don gobarar ƙarfe, mai alamar D. Idan babu, a ajiye bokiti biyu na busasshen yashi kusa da injin, a rufe su don kada damina ta jiƙa su, a nuna wa kowane ɗalibi inda suke. A kwashe sassaƙen daga injin bayan kowane aiki, a zuba a duron ƙarfe mai murfi shi kaɗai, ba tare da tsumman mai ko ƙurar baƙin ƙarfe ba, a ajiye shi a waje nesa da inda ake walda.